Sawun Rana a Wuyan Jitar Awudu

Ranar Talata da hantsi Mma Hamsatu ta ƙwala ihu a ɗakinta, har masu sayen koko a bakin lungunmu na Nima suka ajiye kofuna suka ruga ciki. Suka same ta zaune a bakin gado, jitar mijinta marigayi Awudu a cinyarta, babban yatsanta yana hawa yana sauka a bayan wuyan jitar kamar mai laluben ƙaya.

"Wannan ba wuyan shi ba ne," in ji ta. "An cire na shi an sa wani."

Awudu ya yi shekara ashirin yana kaɗa jitar lantarki a gidajen rawa na nan Ankara kafin ya ajiye kiɗa. A tsawon shekarun nan yatsansa ya ci katakon wuyan har ya yi masa ɗan kwarmi. Idon Mma Hamsatu ya yi yana, amma yatsanta ya san kwarmin nan. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, jitar tana rataye can sama kusa da taga, ba mai taɓa ta. Sai a makon da ya wuce tsirkiya ɗaya ta yi tsatsa ta tsinke da kanta, Mma ta sa ɗanta Abdulmajeed ya kai gyara. Da aka dawo da ita, a hannunta aka miƙa mata.

Irin wannan jita, sukuru huɗu kaɗai ke riƙe da wuyanta. Kuma akwai masu yawo suna sayen tsofaffin wuyan nan suna aikawa ƙasashen waje, saboda sunan maƙerin da ke kansu.

Kafin azahar lungu ya gama shari'a. Jitar ta kwana uku a shagon Zuhura mai gyaran kayan kiɗa, wadda ta zo daga Kumasi shekara biyu da suka wuce ta kafa kwantenarta a filin ƙaramin masallacinmu. Mace ce mai sa wando, da sukurudireba soke a ɗankwali, ba ta durƙusa wa kowa. Alhaji Mumuni, ƙanin marigayi kuma shugaban kwamitin masallaci, ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce kowa ya ji: ko ta fito da wuyan kafin Juma'a, ko ta kwashe kayanta daga filin Allah.

Zuhura ta jawo akwatin sauti bakin ƙofa, ta jona jita, ta kaɗa har kajin lungu suka watse.

*

Mma Hamsatu ta aika a kira Baba Saaka.

Uban Saaka mai bin sawu ne a cikin 'yan sandan zamanin Turawa, can arewa, shi kuma ya tashi yana bin shanun sata a bayansa. Da ya zo Nima ya tarar ko'ina siminti ne da kwalta, ba inda ƙafa za ta bar labari. Sai ya koma bin wasu sawaye: inda kalanda ta taɓa zama a bango, inda zobe ya taɓa zama a yatsa. Mutane suna masa dariya har ranar da kayansu suka ɓata. Benci ɗaya muke zama da shi a gindin durumin bakin gata, wato babbar kwatar unguwa, saboda haka na bi shi.

"Mma, yaushe rabon yatsanki da kwarmin nan?" ya tambaya.

"Kwana takwas kafin ya rasu. Ya ce a sauko ma shi da ita. Ya kama hannuna ya sa a wurin, ya ce, ga gonata nan." Ta share ido da bakin mayafi. "Saaka, ni ba ruwana da kama kowa. Wuyan nake so."

Saaka ya ɗaga jitar ya kai ta bakin taga. Wuyan yana sheƙi, ja-ja kamar manja. A maƙogwaronsa, daidai inda wuya ya haɗu da kai, akwai laya ɗaure da fata mai faɗin yatsa biyu. Awudu ya ɗaura ta tun yana saurayi, saboda bakin mutane. Saaka ya shinshina katakon, ya duba sukuru huɗun nan, ya mayar mata.

*

"Baba, in ka zo tambaya ne ko na sata, ka koma," in ji Zuhura. Ko kai ba ta ɗago daga abin da take gogewa ba. "Ba zan rantse ba, ba zan yi kuka ba, ba zan tashi ba. Su zo da katafila."

"Na zo ganin gwangwanin can ne."

A kan katakon bayanta akwai gwangwanin rini, an rubuta masa suna da alli. Tun safe mutane ke maganarsa, wai da shi ta tsufar da sabon wuya.

"Rini ne. Kowane mai gyara yana da shi. Mahauci ma yana da wuƙa, ba a ce shi ya yanka kowa ba."

"Me ake yi da shi?"

Nan ta ɗago. Zuhura tana iya ƙin kare kanta, amma ba ta iya ƙin maganar aikinta.

"Tsohon wuya na gaske, ranar da aka fesa masa fenti, fentin fari ne tas kamar ruwa. Rana da hayaƙin taba da zufar hannu su ke mayar da shi kalar shayi, a hankali, shekara talatin, arba'in. Yaran yanzu ba su da haƙurin wannan. Sai kamfani ya zuba rini a cikin fentin, wuya ya fito daga kwali da kalar zuma, kamar ya ga duniya."

"To shi ke nan, haka zai zauna?"

"Ina! Shi ma rana ba ta ƙyale shi. Zumar nan tana duhu, tana ja, har ta koma manja. Wani ya yi kyau, wani ya yi muni paa."

Abin ya tsaya mini a rai. Itace da aka sare tun tuni, aka fere, aka shafe, amma yana nan yana nuna a bango kamar mangwaro a reshe.

"Da jitar Awudu ta zo hannunki, kin san wuyan ba na asali ba ne?" in ji Saaka.

"Kallo ɗaya. Na ɗauka sun sani. Tsirkiya aka ce in sa, tsirkiya na sa."

"Layar fa?"

"Ba na kwance abin da ban ɗaura ba."

*

Lamisi mai wakye, wato shinkafa da wake, wadda ɗakinta ke jikin na Mma, ta raɗa wa Saaka cewa bara an ga Abdulmajeed a Kokomlemle, a shagon masu sayar da kayan kiɗa, yana nuna hoton jitar a waya. Muka hau tirotiro, motar haya, muka same shi a teburinsa na sayar da caja da murfin waya.

"Chale, Baba, ni kuma?" Ya dafe ƙirji. "Eh, na je. Na so in san darajan abin ne kawai. Mutumin ya kalli hoto, ya ja shi da yatsa, ya yi dariya. Ya ce jikin tsoho ne, amma wuyan, hm. Na zaci wayo ne yana so ya karya farashi. Na zage shi na fito."

"Bara ne wannan?"

"Bara, kafin azumi."

"Ka faɗa wa Alhaji Mumuni ɗazu, da ake yanke wa yarinyar nan hukunci?"

Abdulmajeed ya sosa ƙeya. "Na fara faɗa. Kawu ya ce in rufe baki, manya na magana. Kuma in Mma ya ji na kai jitan Baba kasuwa, ko a hoto ne, na mutu koraa."

A hanyar dawowa na ce wa Saaka ai magana ta ƙare, yaron ne, ko kuwa ga shaida ta wanke Zuhura. Ya girgiza kai. Ya ce dariyar ɗan kasuwa a kan hoton waya ba sawu ba ce. Alhaji zai hure ta da numfashi ɗaya.

*

Da safiyar Laraba ya koma ɗakin Mma ya nemi izini ya ɗan gusar da layar.

"Kar ka kwance ta."

"Turawa kawai zan yi."

Fatar ta bushe ta ƙame. Ya yi bisimilla, ya tura ta da farce a hankali har ta matsa. A ƙarƙashinta wani zobe ya bayyana kewaye da wuyan, fari-fari, kalar zuma sabuwa, an shata shi sarai kamar da reza. Sama da shi manja, ƙasa da shi manja.

Saaka ya daɗe yana kallo. Sai ya naɗe jitar a zani ya saɓa, muka nufi kwantena.

A bakin ƙofar Zuhura akwai wani sabon wuya mai rini da ta rataye don talla, da 'yar takarda manne a jikinsa.

"Tun yaushe wannan ke nan?"

"Tun ranar da na buɗe. Ba wanda ya saya."

"Ɓare takardar."

Ta ɓare. Akwai bambanci a ƙarƙashi, amma sai ka karkata kai ka ƙanƙance ido kafin ka gan shi. Saaka ya ɗora wuyan biyu gefe da gefe a kan cinyarsa, kamar yadda ubansa ke gwada sawun jiya da na makon jiya.

"Naki ya sha ranar titi shekara biyu, ga abin da ta iya yi masa. Wannan kuwa ranar taga kawai yake samu, ta hantsi. Duba zobensa."

Zuhura ta duba.

"Layar nan ta fi shekara biyar a wuyan nan," in ji Saaka. "Lokacin kina ina?"

"Kumasi. Ina share shagon maigidana." Ta miƙe tsaye. "Ba ni shi in kai ƙofar masallaci yanzun nan."

"Zauna. Mun san wanda bai yi ba. Saura wanda ya yi."

*

Tun rasuwar Awudu jitar ba ta bar ƙusarta ba, Mma kuma ba ta kwana ko'ina sai ɗakin nan. Amma duk wanda ya san zaman makoki a zango ya san abu ɗaya: ana kwashe kayan ɗakin mamaci kaf a rarraba wa maƙwabta, don mata su sami wurin zama har sadakar bakwai. Mma ba ta ga komai ba, kanta yana lulluɓe. Lamisi kuwa ba abin da ke wuce ta.

"Ni na ɗauki kujeru da fanka," ta ce, tana zuba wa wani wakye a ganye. "Maƙwabciyar mu Zuera ya ɗauki tukwane. Katifa mun jingina a bayan ɗaki."

"Jita fa?"

Cokalin ya tsaya a sama. Ta waiga hagu da dama.

"Baba Saaka, ni a nan nake cin abinci na."

"Na sani."

"Alhaji ya naɗe shi a darduma da kan shi. Ya ce kar malamai su shigo su ga kayan shaiɗan a ɗakin wan shi. Bayan kwana bakwai shi ya hau kujera ya rataye. Ban ce komai ba o. Tambaya na ka yi."

*

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a tsakar gidan Mma Hamsatu. Liman ya zauna a kujera, Alhaji Mumuni a gefensa da carbi. Abdulmajeed ya raɓe a bango. Lamisi ta yi kamar wanke tukunya take. An shimfiɗa wa Zuhura tabarma a can gefe, ta tsallake ta, ta tsaya a tsakiya da hannu a ƙugu.

Saaka ya nuna musu wuyan biyu da zoben biyu, ya yi bayani a taƙaice. Liman ya sa tabarau ya duba, ya gyaɗa kai. Sannan Saaka ya faɗi inda jitar ta kwana bakwai lokacin makoki.

Alhaji ya yi murmushi. "To, mun gode. Yau kuma kalar katako ce za ta ba da shaida a kan musulmi? Gidana kwana bakwai ɗin nan ya fi kasuwar Nima cika. Baƙi daga Kumasi, baƙi daga Tamale. Wa ya san wanda ya shiga wa ya fita? Kai kuma Saaka, shanu sun ƙare ne?"

Wasu suka yi dariya. Saaka ma ya yi.

"Gaskiyarka, Alhaji. Ba zan iya kama baƙon shekara shida ba. Abu ɗaya ya rage in tabbatar wa Mma, sai mu watse." Ya zaro reza daga aljihu ya kwance takardarta. "Ɓarawon da ya sayar da wuya ba zai tsaya kwance ƙulli ba. Layar Awudu ta bi wuyan, tana can gidan giya a ƙasar Turawa. Wannan ta bogi ce, tsohuwar jarida aka cusa a ciki. Bari in farke ku gani."

Ya ɗora bakin rezar a kan fatar.

"Kai! Kar ka yanka!" Alhaji ya zabura, carbin ya faɗi. "Sunan Allah ne a ciki! Ita ce ta asali. Ni zan bar sunan Allah ya tafi gidan giya? Da hannuna na kwance ta, da alwala, na..."

Bai ƙarasa ba. Tukunyar Lamisi ta daina ƙara.

Saaka ya mayar da rezar cikin takardarta.

"Mumuni," in ji Mma Hamsatu, a hankali. "Ni na yi maka wanki kana makaranta."

Na zaci zai sunkuyar da kai. Bai sunkuyar ba. Ya gyara babbar rigarsa ya ɗaga murya.

"Eh, na sayar! Mai sayen ya kawo sabo ya ɗaura a gabana. Ban ci ko pesewa ba. Katakon da ya raba yayana da sallar asuba shekara ashirin, na mayar da shi lasifikar masallaci. Wadda ke tashin ku kullum, da me kuke zaton aka saye ta? Na yi masa sadaka ne. Ku ce ban yi daidai ba!"

"Sadaka da gonar wani," in ji Mma. "Ka tambaye ni? Da ka tambaya, wataƙila da na ba ka jitar duka. Ina wuyan yake yanzu?"

"Ya haye teku tuni."

Ta juya fuska ga bango. Ba wanda ya iya kallonta.

Liman ya yi gyaran murya. Ya ce abin ya faru, kuma niyya tana da nata lada, kuskure yana da nasa gyara. Magana ce ta cikin gida. Alhaji zai ba matar wansa haƙuri a keɓe. Yarinya kuma ta ci gaba da zama a filinta, ba mai tashin ta. A rufa asiri, a tashi da fatiha.

Ya ɗaga hannu. Mutane suka fara ɗagawa.

"Ban yarda ba."

Zuhura ce.

"'Yata," in ji Liman, "an bar miki shagonki."

"Malam, da ma nawa ne, ba kyauta aka yi mini ba. Tun Talata ba wanda ya kawo mini ko rediyo. Mata suna janye 'ya'yansu in na wuce. A ƙofar masallaci aka ce mini ɓarauniya, a gaban kowa. Yanzu a wanke ni a bayan ɗaki, gaban tukunyar wakye?"

"Ke, san da wa kike magana!" in ji Alhaji.

"Na sani sarai. Da wanda ya san ban ɗauka ba tun kafin ya buɗe baki." Ta juya ga Liman. "Ba na son haƙurinsa. Ba na son ya faɗi abin da ya yi, wannan tsakaninsa da Mma ne. Abu ɗaya: gobe bayan Juma'a ya ɗauki lasifikar nan ya ce Zuhura ba ta saci komai ba. In bai faɗa ba, ni ma ina da akwatin sauti, kuma nawa ya fi nasa ƙarfi. Zan ba da labarin tun daga darduma."

"Wannan ai cin mutunci ne," in ji wani dattijo.

Mma Hamsatu ta juyo daga bango.

"Lasifikar ta wa ce?" ta tambaya. "Kun ji da bakin shi. Wuyan mijina ne. To ni matar Awudu na ce a ara wa yarinyar nan."

Liman ya sauke hannunsa. Ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa, ya ce, "To."

*

Ranar Juma'a mutane suka dawo daga babban masallaci suka tarar lungu ya cika, har da waɗanda ban taɓa gani ba. Zuhura ta fito da kujera ta zauna a ƙofar kwantenarta, ta harɗe ƙafa.

Lasifika ta yi ƙugi, ta yi tari. Muryar Alhaji Mumuni ta fito ƙasa-ƙasa, da sauri, kamar mai haɗiye magani.

"Sanarwa. Ita Zuhura mai gyara, an bincika, babu hannunta."

Aka ji ƙarar yana neman ajiye abin maganar.

Zuhura ta miƙe, ta kafa tafin hannu biyu a baki.

"Alhaji! Ƙara murya! 'Yan unguwar Maamobi ba su ji ba!"

Lasifika ta yi shiru har na fara zaton ya fita ta ƙofar baya. Sai ta sake yin ƙugi, muryar ta fito da ƙarfinta duka, irin wadda yake kiran asuba da ita:

"Zuhura ba ta saci komai ba! Ni Mumuni na faɗa, ba ta saci komai ba!"

"Yawwa," in ji Zuhura. Ta ɗauki kujerarta ta shige ciki.